Zanen Sahura a Kan Kaki

Duk mai shiga kasuwar Anka ya san Makau mai ƙota, ko da gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Shi ba maƙeri ba ne, kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi masassaƙi, don a wurinsa masu sassaƙa turmi da kujera mutane ne marasa haƙuri. Aikinsa shi ne maƙeri ya ƙera wuƙa, shi ya yi mata ƙota ta itace, a kuma fito mata da zane a jikin ƙarfen. In ka kawo masa wuƙa, kafin ya tambayi sunanka zai miƙo maka curin yumɓu ya ce ka damƙa kamar za ka yi yanka. Wannan curin, da shatin yatsunka a jiki, shi zai ajiye a gabansa har ya gama sassaƙar. Shi ya sa wuƙar da ta fito daga zaurensa ba ta da daɗin aro. Mutane suna ƙorafi a kan haka, shi kuwa yabo yake ɗaukarsa.

Zanen dai ba shi ke yi ba. Ba wai ɓoyewa yake ba, babu wanda ya taɓa tambaya ne, shi kuma ba mutumin da zai kai sunan matarsa bakin kasuwa ba ne. Sahura ce ke yi, a cikin gida, a gindin dogon yaro. Za ta narkar da kakin zuma ta shafe ƙarfen da shi, in ya sha iska ta ɗauki tsinken kitsonta ta riƙa zana abin da ta ga dama, tsinken yana ture kaki yana bayyana ƙarfe. Daga nan sai ta kwantar da shi cikin ruwan batir, ruwan ya ci inda tsinke ya bi, ya bar inda kaki ya rufe. In an wanke, zane ya zauna ke nan. A wurin kakarta mai zanen ƙwarya ta koyi wannan hannun, can Bagega, kafin su baro garin a shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar yara, har ta haɗa da 'ya'yansu maza biyu. Da 'yarsu Barakatu kaɗai suka iso Anka, ita ma ta girma aka kai ta Bukkuyum. Gida ya koma su biyu, shi a zaure, ita a ciki, bango ɗaya tsakaninsu, kuma hakan ya ishe su.

Bayan an gama girbi, wani mai sayar da hatsi daga Gummi, Mainasara, ya zo da wata tsohuwar wuƙa naɗe a tsumma. Ƙotarta ta tsage gida biyu, cikinta ya rame saboda yawan wasawa. Ta mahaifinsa ce, in ji shi, kuma yana son a sake mata ƙota a ƙawata ta kafin babbar salla, don da ita yake so ya yanka ragon layya. Ya damƙi yumɓu, ya bar lambar wayarsa, ya tafi. Salla da sauran nisa, babu mai gaggawa. Sahura ta shafe ƙarfen da kaki ta fara zane, sai zazzaɓi ya kwantar da ita a tsakiyar sanyi. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, aka sake mayar da ita. A karo na biyun ba ta dawo da ƙafarta ba.

'Yan zaman makoki suka watse, Barakatu ta koma ɗakinta, Makau ya gano cewa ashe gidan nan yana da faɗi. Yakan zauna a zaure da gizago a hannu, ya sara sau biyu ya tsaya, yana jiran ya ji motsi daga bayan bango. Ba magana yake jira ba, don dama ba masu yawan magana ba ne. Tari, ko ƙarar murfin tukunya, ko tsawar da Sahura take yi wa akuya, su yake nema. Abinci kuwa a tasha yake ci, a tsaye, kamar matafiyi.

Sai da sanyi ya fara ja da baya ya iya shiga ɗakin Sahura da niyyar kawar da kaya. A bayan jeren kwanoni ya tarar da ƙarfen Mainasara, an ɗora shi kan ƙirare biyu don kada kakin ya taɓa ƙasa. Ya fito da shi haske. Yaɗon duma ta zana, ya taso daga gindi yana lanƙwasa, ga ganye nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jijiyoyinsa, ga 'yan igiyoyin nan da duma ke kama kara da su. Kafin ya kai tsini sai ya tsaya, a tsakiyar wani ganye da ba a rufe ba. Har 'yan ɓurɓushin kakin da tsinke ya ture suna nan a gefen layukan, ba a hure su ba. Makau ya tsaya da abin a hannu har inuwa ta sauya wuri. Tufafinta an raba, kwanoninta na Barakatu ne, hotonta guda ɗaya na katin zaɓe ne kuma bai yi kama da ita ba. Wannan ne kaɗai abin da ya rage wanda in ya duba yake ganin hannunta yana tafiya.

To, amma kaki ne, kuma bazara ta doso. Wanda ya san Anka a bazara ya san ko roba laushi take yi, balle kakin zuma. In zafi ya kama shi zai saki jiki, layukan su haɗe baki, zanen ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Hanya ɗaya ce ta tsirar da shi: a sa shi cikin ruwan batir ya ci ƙarfen. Ruwan yana nan cikin jarkarta, irin wanda ta saba haɗawa. Abin da babu shi ne sanin tsawon lokacin da ake barin ƙarfe a ciki. In an yi saurin cirewa zanen ba zai fito ba, kuma kakin ya riga ya lalace. In an daɗe, ruwan zai kutsa ta ƙarƙashin kaki ya cinye komai. Sau ɗaya ake yi, ba a sakewa. Duk shekarun nan Makau bai taɓa tsayawa ya ga yadda take yi ba. Yana zaure yana fama da itacensa, sai dai a kira shi ya karɓa.

Ya haƙa ɗan rami a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa, ya sa tsohon kwano, ya ɗora ƙarfen kan ƙirarensa a ciki, ya kifa faifai. Safe da rana da la'asar yana yayyafa wa yashin ruwa. Ya samo guntayen ƙarfe wurin maƙera ya shafa musu kaki, ya ja 'yan layuka da ƙusa, ya fara gwaji. Wani ya fito fes kamar ba a taɓa shi ba, wani ya fito baƙi ƙirin duk ramuka. Ya gwada da agogon waya, ya gwada da jan carbi. Wani lokaci abin ya kusa, washegari ya bi daidai yadda ya yi jiya ya lalace, har ya rasa wanne zai kama. Hannun da ke iya fitar da shatin yatsan mutum daga itacen ƙirya ya koma na ɗan koyo.

Hure ce ta kama shi durƙushe gaban randa. Taubashiyarsa ce, gidanta na jikin nasa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tun suna yara bakinta bai taɓa raga masa ba.

"Makau, mi kaka binnewa ƙarƙashin randa? Ko kai ma ka shiga haƙan zinari na?"

Ya ɗaga faifan ya nuna mata. Ta sunkuya ta duba, dariyar ta ɗauke.

"Allah shi jiƙan ki, Sahura," ta ce. Ta juyo gare shi. "To mi kaka jira? Sai ya narke?"

"Ban san lokacin da taka cire shi ba."

"Shekara nawa kuna gida guda?"

Ya mayar da faifan ya rufe. Cikin makon nan Mainasara ya bugo waya daga Gummi yana tambaya ko wuƙa za ta samu kafin salla. Makau ya ce za ta samu, in Allah ya so. Ya ajiye wayar ya je ya ɗaga faifai, ya ga ganyen farko na wajen gindi ya fara kumbura, jijiyoyinsa sun soma haɗewa.

Washegari ya bar wa Hure amanar yayyafa ruwa, ya shiga motar Bukkuyum. Ba tafiya ba ce da mutum ke yi don nishaɗi a 'yan shekarun nan. Fasinja kowa yana kallon daji, direba yana ta tambayar motocin da ke tahowa ko hanya lafiya. Ya isa bayan azahar. Barakatu ta yi ta murna, ta kawo ruwa, ta kawo fura, ta tura a kira mijinta daga gona. Da ya faɗa mata abin da ke tafe da shi sai jikinta ya yi sanyi.

"Baba, ai kai ma ka sani, Inna ba ta barin ko inuwata ta kusanci ruwan ga. Tun abin da yah hwaru Bagega, duk abin da anka zubo cikin jarka, in ta ɗauko shi kora ta takan yi waje. Ban taɓa gani ba, wallahi."

"Ko da wasa ba ta taɓa hwaɗa miki ba?"

"Cewa takai ba abin yara na ba." Ta dube shi, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. "Baba, ka dawo nan mana ka zauna da mu. Ga ɗaki nan babu kowa ciki."

Ya ce zai duba. Ita ma ta san ba zai duba ba. Yamma ta yi, ba a bin hanyar nan da yamma, dole ya kwana.

Da safe bayan ya dawo masallaci yana zaune a zauren surukinsa, ransa a jagule, yana tunanin ya yi tafiyar banza, sai ya ji wata ƙara daga cikin gida. Ƙarar sakaina ce a gindin tukunya, Barakatu tana kankare ƙanzon tuwon jiya. Ƙur, ƙur, ƙur, a tsaya, a juya tukunya, a ci gaba. Daga nan aka zuba ruwa, aka cuɗa da toka, aka ɗauraye, aka kife tukunya. Da jin an kife ta Makau ya ga kansa a tsaye, ya kama hanyar shiga cikin gida, kunnensa yana jiran a ce, "Malam, zo ka ɗauka." Sai da ya kai bakin ƙofa ya tuna gidan wa yake. Ya dafa bango. Ashe kullum haka abin yake tafiya: da safe Sahura take sa ƙarfe a ruwa, ta ɗauki tukunyar tuwo ta kankare, ta wanke, ta kife, sannan ta kira shi. Kansa bai taɓa lura ba, ƙafafunsa ne suka riƙe. Kuka ya zo masa a nan tsaye, irin wanda bai yi ba ko ranar da aka kai ta makwancinta, ya koma zaure ya ja hula ya rufe fuska don kada surukinsa ya shigo ya gani.

Ya koma Anka da awonsa, amma awon yana bukatar tukunya mai ƙanzo, ita kuwa tukunyar Sahura tun rasuwarta take kife, tas da ita. Ƙanzo ba a sayar da shi manne da tukunya a kasuwa. Haka dattijo mai furfura ya sayo garin dawa, ya hura wuta a murhun matarsa, ya ɗora ruwa. Tuwon farko dai ba a magana. Rabi ɗanye, rabi gawayi, ga gudaji kamar tsakuwa. Da safe ya sa guntun ƙarfe a ruwa ya zauna kankara, ya yi ta fama da ƙonannen gindi har rana ta fito sosai, ya je ya tarar ƙarfen gwajin ya zama kamar abin da gara ta ci.

Hayaƙi ne ya jawo Hure a rana ta biyu. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallonsa yana kokawa da muciya.

"Yau ga abin da ban taɓa gani ba. Makau, in aure kaka so ka hwaɗi, a nemo maka. Mi tukunyag ga ta yi maka?"

Ya yi mata bayani yana share hawayen hayaƙi. Ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba, wanda a wurin Hure wannan babbar kyauta ce.

"To ai ba tuwonka za ka auna da shi ba, nata za ka aunawa. Sahura ba ta ƙona tuwo. Ƙanzonta siriri na, kuma jiƙa shi takai shi kwana. Matsa can."

Ba ta karɓe muciyar ba, don ta ce in ita ta tuƙa to ƙanzon Hure za a samu. Tsayawa ta yi a kansa tana ba da umarni: rage itace, yi talge tukuna, zuba gari kaɗan-kaɗan, tuƙa daga gindi, kai wane irin mutum ne. Ta nuna masa yadda Sahura ke riƙe sakaina, da yadda take ɗauraye tukunya sau biyu, don sun sha yin wanke-wanke suna hira ta kan katanga. Kwana da kwanaki gidan Makau na fitar da tuwon da ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, Hure tana kwashewa tana kai wa jikokinta, su kuma suna ci suna kushewa. A hankali tuwo ya fara kama da tuwo. Wata safiya ya kife tukunya, ya tsamo ƙarfen gwaji, ya wanke, ya ga karkatattun layukansa sun zauna daram, ba zurfi ba sama-sama ba. Ya sake washegari, ya sake samu.

Ya so ya ƙara ko da gwaji ɗaya ne, amma da ya ɗaga faifai da la'asar ya ga ganyen farkon nan ya shafe gaba ɗaya, na biyu ya fara bin sa. Ranar ko tsuntsu bai yi kuka ba don zafi. Ya tuƙa tuwo da yamma, ya kwashe, ya zuba ruwa a tukunya ya bar ta ta kwana.

Bayan sallar asuba, gari da ɗan sauran sanyi, ya zuba ruwan batir cikin yankakkiyar jarkar da Sahura take amfani da ita. Ya ɗauko ƙarfen ta wutsiyarsa. Ya daɗe yana kallon ɓurɓushin kakin nan na gefen layi, don ya san ko zane ya fito ko bai fito ba, su dai sun tafi. Ya yi bisimilla ya kwantar da shi. Ƙananan kumfa suka fara tasowa suna bin yaɗon duman. Ya juya baya da ƙyar, ya je inda take zama, ya jawo tukunya.

Ba ƙaramin yaƙi ya yi da hannunsa ba. Hannun yana so ya yi sauri ya je ya duba, zuciya tana cewa ja shi a hankali kada ya zama bai ci ba. Ya rufe ido ya bar kunnensa ya ja ragama, yana neman ƙarar nan da ya saba ji ta bayan bango. Ya kankare, ya juya tukunya, ya ci gaba. Ya cuɗa da toka. Ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa. Ya kife ta. Tsakar gida ta yi tsit, babu wanda zai kira, babu kuma mai kiransa. Ya tashi ya tsamo ƙarfen da awartaki, ya tsoma shi cikin ruwan kanwa don ya kashe ƙarfin ruwan batir, sannan ya kwarara masa tafasasshen ruwa. Kakin ya narke ya bi ƙasa. Ya goge da tsumma.

Zanen ya fito. Ganyen farko babu shi, na biyu rabi ne, amma daga nan yaɗon ya miƙe baƙi siɗik a kan farin ƙarfe, kowace jijiya a wurinta, har zuwa ganyen da ba a rufe ba. Makau ya zauna a ƙasa daɓas ya ɗora shi a cinya. Ya ji daɗi, daɗin da ya manta akwai irinsa. Ya leƙa ta katanga ya kira Hure, ta zo ta gani, ta ce ashe dai ba a banza jikokinta suka sha wahala ba.

Ƙotar kuwa aikinsa ce, bai taɓa yin wadda ya ɓata wa lokaci kamarta ba. Ya zaɓi zuciyar ƙirya, ja mai duhu, wadda ya daɗe yana ajiya. Ya ajiye curin yumɓun Mainasara a gabansa, ya fitar da siffa da gizago, ya bi da magagari yana rage wurin babban yatsa, yana barin tudu inda tafin hannu zai kwanta. Ya gasa wutsiyar ƙarfen ya zura ta cikin itacen tana hayaƙi, ya ɗaure wuya da zoben tagulla. Ya goge da ganyen ɓaure har santsi ya fito, ya shafa man kaɗe ya bar shi ya sha, ya sake shafawa. Kullum yana samo abin da zai gyara. Gaskiyar magana ba ƙotar ce ba ta kammalu ba, shi ne ba ya son ta kammalu. Duk fafutukar da ya yi da zafi da tukunya, bai bar kansa ya tsaya ya tuna cewa wuƙar tana da mai ita ba.

A nan ne Makau ya yi abin da bai taɓa yi ba a sana'arsa. Ya je wurin maƙeri ya sa aka ƙera masa sabuwar wuƙa mai tsawon waccan, daga ƙarfen sifirin mota mai kyau. Ya yi mata ƙota ita ma da awon hannun Mainasara. Ya shirya maganarsa tsaf: ruwan batir ya ci tsohon ƙarfen, dama ya rame, ya karye, a yi haƙuri, ga wadda ta fi ta. Ya maimaita maganar a zaure shi kaɗai har ta daina yi masa nauyi a baki. Ya kai wuƙar mai zanen Sahura ɗaki ya sa ƙarƙashin matashi.

Ana saura 'yan kwanaki salla Mainasara ya iso a kan kabu-kabu, babbar riga duk ta yamutse. Suka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali, Makau ya ce lafiya lau kamar yadda ake cewa. Sabuwar wuƙar tana ƙarƙashin tabarma kusa da gwiwarsa. Ya buɗe baki zai fara, baƙon ya riga shi.

"Malam Makau, kwana biyun ga ko barcin kirki ban yi, kamar yaro za a ɗinka mai rigar salla. Ka san Baba shi ka yanka ma unguwarmu duka. Ni ka riƙe mai ƙahwahun rago. Ramewag ga da kag gani cikin wuƙar, shi yay yi ta da dutsenai, shekara da shekaru. In na aza yatsa wurin, wallahi kamar hannunai nika taɓawa. Bara da ƙotar tat tsage na ari ta maƙwabci, naman ko daɗi bai yi man ba." Ya yi 'yar dariya ta jin kunya. "Kai dai ka ga tsoho da shirme. Gida ya bari, gona ya bari, munka raba da 'yan'uwa. Ni wagga ɗai nac ce a ba ni."

Makau ya dube shi. Ya san wannan shirmen, a cikinsa yake kwana yake tashi. Hannunsa yana kan tabarma, yana jin tudun sabuwar wuƙar a ƙarƙashi. Ya janye hannun, ya miƙe ya shiga cikin gida. Ya ɗan jima kafin ya fito da tsohuwar wuƙar.

Mainasara ya karɓa da hannu biyu. Ya damƙi ƙotar, ya jinjina, ya saki, ya sake damƙa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya shafa ramammen cikin da yatsa. Sannan ya karkata ta wajen haske yana bin zanen da ido, tun daga gindi har inda ya ƙare.

"Tabarakalla. Amma Malam, ga shi bai kai tsini ba. Ko haka salon yake?"

"Nan mai zanen tat tsaya."

"Mai zanen?"

"Maiɗakina. Ita ka yi. Ta rasu cikin sanyin ga."

Mainasara ya sauke wuƙar a hankali. Ya yi salati, ya yi ta'aziyya, ya ce bai ji ba, da ya zo. Ya dubi zanen, ya dubi Makau, ya sake duban ramewar da dutsen mahaifinsa ya yi. Wuƙar tana kwance a tafinsa a tsakaninsu, bai miƙa ba, bai kuma janye ba, kuma a fuskarsa ana ganin yana neman wata magana da ba ya so ya samu. Makau bai bar shi ya samo ta ba. Ya ɗauki wuƙar ya naɗe ta da tsumman da aka kawo ta ciki, ya sa masa a hannu.

"Abu guda nika roƙo. In za ka wasa ta, baki ɗai za ka aza ma dutse. Kak ka kwantar da ita. Kuma kak ka ba mahauta su wasa maka."

"In Allah ya so, ni da kaina."

Ya raka shi bakin hanya. Mainasara ya cusa ƙunshin cikin rigarsa ta ciki, ya hau bayan mashin, ya ɗaga hannu. Makau ya tsaya har suka sha kwanar tasha, sannan ya dawo zaure ya zauna a wurinsa. Bai ɗauki gizago ba.

Can wajen la'asar wani Bafulatani ya yi sallama, da sanda a kafaɗa da sabuwar wuƙa a hannu, ya ce daga wajen Dareta yake, an ce masa nan ake ƙota da zane mai kyau. Makau ya amsa sallamar, ya gutsuro yumɓu ya cura ya miƙa masa ya ce ya damƙa. Mutumin ya damƙa, ya mayar, ya ce shi zanen ganye yake so, irin wanda ya taɓa gani a wuƙar wani a kasuwar Bukkuyum.

"Ƙota ɗai aka yi nan yanzu," in ji Makau.